Shekara Biyu Ba Fure: Lamarin Shukar Gwaggo a Aboabo

Ranar da Gwaggo ta aiko a kira ni, hunturu ya kankama a Kumasi, hazo ya rufe gari, leɓe sai tsagewa yake. Saƙon da yaron ya kawo gajere ne: in zo, in taho da adda. Da na isa gidan a Aboabo na same ta zaune kan tabarma tana jan carbi. Ta nuna mini shukar furenta mai yaɗo da haɓa, ba ta ko waiwaya ta dube ta ba.

"Ɗana, sare mini ita. Kusan shekara biyu ina ba ta ci ina ba ta sha, ko fure ɗaya ba ta nuna mini ba. Yanzu ga ta nan ta yi rawaya kamar mai ciwon shawara."

Na ce, "Gwaggo, a ba ni kwana uku in duba ta. In na rasa dalili, da hannuna zan sare ta."

Kula da lambu shi ne sana'ata. Na daɗe ina yi a gidajen Nhyiaeso da Ahodwo, inda fili yake da yalwa, shuka ta miƙe yadda ta ga dama. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan lamari dalla-dalla, irinsa ya sha zuwa gabana a unguwanninmu na Zango. Mutum ya sayi shuka da kuɗinsa, ya ba ta duk abin da yake ganin alheri ne, ta ƙi, sai ya yanke hukunci cewa ƙasar Zango ba ta karɓar fure. Maganar nan tana yi mini ciwo, domin ba gaskiya ba ce, kuma ta hana gidaje da yawa abin da ba shi da tsada.

Shukar da ake magana, masu sayar da furanni a bakin titi suna kiranta da sunanta na Turanci, Rangoon creeper, wato mai yaɗo ta Rangun, tsohon babban birnin Bama. Tsofaffinmu sun san sunan Bama, domin sojojin ƙasar nan, da yawansu masu jin Hausa, sun yi yaƙi a can lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har babban barikin soja na Accra ya ci sunan Burma Camp. Asalin shukar daga ƙasashen Asiya masu zafi ne. Masana tsirrai suna ce mata Combretum indicum, kuma wanda ya san daji a Arewa zai so ya ji cewa 'yar ɗaki ɗaya ce da geza, sabara da marke ma danginta ne. Tsohon sunanta, wanda masanin tsirrai Linnaeus ya rubuta a 1762, shi ne Quisqualis indica. Kalmar farkon tambaya ce a harshen Latin, kamar a ce "wace ce, kuma wace iri ce?", saboda tana fara rayuwa a tsaye kamar ƙaramar bishiya, sai daga baya ta miƙo dogayen rassa ta kama hawa. A gidan Gwaggo kuwa Amarya ake ce mata, don tana sauya kaya sau uku: furen yakan buɗe fari da magariba, washegari ya koma ruwan hoda, rana ta uku ya rine ja.

Gwaggo ta san ta ne ta hannun marigayi mijinta. Direba ne a wani gida a Nhyiaeso inda shukar ta lulluɓe ƙofar shiga, yakan tsinko mata curi ɗaya ya kawo cikin aljihun riga. Ga kuma dalili na biyu da ya sa take son ta, wanda duk ɗan Aboabo zai gane ba sai an yi masa bayani ba: in yamma ta yi iska ta kwanta, warin kwata ne ke shigowa gida. Tsakanin magariba da isha a baranda take zama, tana son abin da za ta shaƙa ban da wannan.

Gidan irin gidajen Zango ne da kowa ya sani. Ɗakuna sun kewaye tsakar gida, ƙofar shiga ɗaya, famfo ɗaya, wurin wanka a kusurwa. Gwaggo na da ɗaki biyu da baranda, sauran na 'yan haya ne. Tsakar gidan duk siminti ne. Ta kudu maƙwabci ya tayar da bene, bangonsa ya tsaya kan gidan kamar dutse. Wuri ɗaya tak ƙasa take a buɗe, wani ɗan gurbi jikin wurin wanka inda simintin ya fashe tun da daɗewa. Nan Gwaggo ta dasa cikin watan Afrilu, tunda ba sai an fasa komai ba, ga ruwa kusa.

Rana ta farko ban taɓa shukar ba. Na zo bayan asuba da guntun gawayi, duk sa'a ɗaya in zana a kan siminti inda inuwa ta tsaya. Yara suka yi ta bina suna tambaya ko sabon wasa ne. Har azahar ta wuce rana ba ta sauka kan ganye ko ɗaya ba. Sai bayan la'asar ta leƙo ta kusurwar benen, ba ta kai sa'a biyu ba ta ɓace. Shukar nan kuwa, in ana son ta yi fure sosai, tana bukatar rana kai tsaye kamar sa'a shida a yini.

Da na gaya wa Gwaggo ta ce, "Kai ɗana, ranar da na dasa ta rana ce ƙwal a wurin, har na ji tsoron kada ta ƙone."

Gaskiyarta, kuma nan ne gindin lamarin. Kumasi tana arewa da layin da ya raba duniya biyu da abin da bai kai digiri 7 ba. Saboda haka rana takan bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, farkon Afrilu da farkon Satumba. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ta ɗan arewa take bi, sauran watannin kuwa ta kudu take karkata, a Disamba karkatar ta fi yawa. A Disamba, bene mai tsawon mita 7 yakan jefa inuwar da ta kai kusan mita 4 ta arewacinsa da tsakar rana. Gwaggo ta dasa a watan da bango ba shi da inuwa. Daga Satumba zuwa Maris, har da watannin da sama take washewa, shukar tana cikin duhun benen. Watannin da rana ke iya kaiwa gare ta kuma su ne na babbar damina, Yuni da Yuli da Agusta gajimare ya rufe Kumasi, wani lokaci a yini ba a ga ƙwayar rana ba. Duk wanda zai dasa fure a tsakar gida, kada ya amince da ranar da ya gani yau. Ya tambayi matan gidan inda suke shanya a hunturu da inda suke shanya a damina, su suka fi kowa sanin tafiyar inuwa.

Mai karatu zai ce, ai shuka mai hawa ce, me ya hana ta hau ta nemo rana da kanta? Ta yi ƙoƙari. Sai dai wayar wuta ta bi ta saman wurin wankan, don haka Gwaggo ta sa jikanta, duk sanda reshe ya tasar wa rufi, ya datse shi. Yaron ya riƙe amana, kusan kowane mako yana bi da almakashi yana aske kawunan rassa don su yi daidai. Furen Amarya kuwa a ƙarshen sabon reshe yake fitowa. Abin da yaron yake zubarwa a shara, shi ne wurin da furen zai fito.

Rana ta biyu na tona gindin. Tun shebur na farko wari ya bugo ni. Ƙasar ta yi toka-toka, tana da santsi a hannu kamar an kwaɓa ta da sabulu, kuma da sabulun aka kwaɓa ta. 'Yar kwatar da ke fitar da ruwan wanka da na wanki ta tsage daidai wurin, rabin ruwan a gindin shukar yake ƙarewa. Ƙananan saiwoyi da ya kamata su yi fari sun yi baƙi-baƙi, in ka murza sai fatar ta saɓule. Saiwa tana numfashi, ƙasar da ba ta taɓa tsanewa ba shaƙe ta take yi. Garin sabulun wanki kuma yana mai da ƙasa kamar wadda aka zuba wa kanwa, a irin wannan ƙasa shuka ba ta iya jan sinadarin ƙarfe ko da yana nan. Alamarsa ba ta ɓuya: sabon ganye ya fito rawaya, jijiyoyinsa kawai ke kore. Haka na Gwaggo suke.

Akwai ƙari. Wata baiwar Allah a gidan, mai sayar da koko da ƙosai, kullum in ta kwashe murhu sai ta zuba tokar a gindin, don ta ji ana cewa toka taki ce. Taki ce, tana da amfani a ƙasa mai tsami irin ta gonakin kewayen Kumasi, amma a nan ƙara wa kanwa kanwa take yi. Wani ɗan'uwa kuma da ke aiki a gidan kaji yakan kawo wa Gwaggo kashin kaji a buhu, ɗanye, da zafinsa, ita kuma ta juye. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, abin da shukar ta iya sha kuma ganye yake ƙara mata, ba fure ba. Shi ya sa shekarar farko ta yi kore shar har maƙwabta na yabawa, rassa dogaye sirara, ganye nesa da ganye, irin na shukar da ke miƙa wuya tana neman haske. A hammatar ganyen kuma na sami fararen ƙwarin nan masu kama da auduga, tururuwa na hawa da sauka a kansu. Ƙwarin suna tsotse ruwan shuka, tururuwa kuma suna gadinsu saboda zaƙin da suke fitarwa. Shuka mai rauni a inuwa suka fi samu.

Abin da ya tsaya mini a rai a daren nan, babu wanda ya yi wa shukar mugunta. Mai toka alheri take nufi, mai kashin kaji alheri yake nufi, yaro umarni yake bi.

Rana ta uku na zauna gaban Gwaggo na ce mata wurin ne bai dace ba, kuma ba zai taɓa dacewa ba muddin benen nan na tsaye. Sai dai a sauya wuri. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Tsohuwar za ta jure a tumɓuke ta?" Na ce ba zan yi kasada da ita ba a tsakiyar hunturu da saiwa ruɓaɓɓiya. 'Ya za mu cira daga jikinta.

Da farko sai da aka farfaɗo da uwar. Na liƙe tsagar kwatar da siminti, na kwashe ƙasar sama mai toka da kashin kaji, na mayar da sabuwa. Ƙwarin na wanke su da ruwan sabulun salo, wanda a nan ake ce wa alata samina, ɗan gutsure cikin bokiti, a fesa da yamma a ɗauraye da safe, bayan kwana biyar a sake, haɗe da ruwan jiƙon ganyen dogon yaro. Na roƙi yaron ya ajiye almakashi. Matsalar da ta rage ita ce ruwa mai tsabta, domin a watannin nan famfo ba kullum yake kawowa ba, kowa jarkarsa yake lallaɓawa. Gwaggo ce ta warware wannan. Ta sa kwano inda take alwala, abin da ya taru ta kai wa shukar. Babu sabulu a ciki, kuma sau biyar yake zuwa a yini. Ba a yi mako biyu ba wasu 'yan hayar suka fara ajiye nasu.

Cikin Fabrairu, da sabon toho ya fara fitowa kore, na zaɓi rassa uku masu kaurin fensir, waɗanda suka fara tauri amma suna lanƙwasuwa. Na sami robobin fenti uku na huda gindinsu, na cika da baƙar ƙasa da yashi. Kowane reshe na lanƙwaso shi ƙasa ba tare da na raba shi da uwar ba, na ɗan kankare ɓawon a ƙarƙashin gaɓa da bakin wuƙa, tsawon farce, har ɗanyen ya bayyana. Na binne daidai wurin cikin roba, na danne da lanƙwasasshiyar waya, na aza dutse, kan reshen na bar shi a waje yana kallon sama. Uwar na ci gaba da shayar da shi yayin da yake fitar da tasa saiwar. Wannan hanya ta fi yankan reshe a dasa tabbas, musamman ga wanda ba shi da wurin rainon shuka. Bayan kamar mako shida na ja kowanne a hankali. Biyu sun riƙe ƙasa, ɗaya ya zame a hannuna. Biyun na yanke su daga uwar, na bar su mako biyu a robar su saba da kansu.

Sabon wurin yana arewacin tsakar gida, gefen ƙofar shiga, daf da barandar Gwaggo, inda zanen gawayina ya nuna rana na wuni. Sai da aka fasa siminti. Na haƙa rami santimita 60 faɗi da zurfi, kimanin mita ɗaya daga bango. Abin da ya fito daga ciki guntayen bulo ne da leda da tsohon takalmi, ƙasar gidajenmu da yawa ciko ce. Na cika ramin da ruwa don in ga ko zai tsane, kafin la'asar ya shanye, na san wurin ba ya riƙe ruwa. Wannan gwaji ba abin rainawa ba ne a garin da ke samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, balle Aboabo da ta san ambaliya. Na sa tsohon duro na roba da aka yanke gindinsa cikin ramin, domin Amarya tana da hali: saiwarta takan bi ta ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo da 'ya'ya nesa da gindi. Na cika da baƙar ƙasa da yashi da kashin kaji wanda ya yi wata uku a tsibi har ya huce, ya daina wari, ya koma kamar ƙasa. Da ruwan farko ya zauna a Afrilu muka dasa guda, ɗayar aka bar ta a roba saboda tsaro.

Sauran watannin babu labari mai yawa. Ta kama, ta miƙe, ina zuwa ina ɗaura manyan rassa uku a jikin rumfar da na kafa, ina cire na ƙasa.

A Nuwamba yaron ya zo har wurin aikina da gudu ya ce Kaka na kira. Na isa ana kiran sallar magariba. A ƙarshen wani reshe da ya leƙo ta bakin rumfa, ga curi ɗaya, dogayen tsinkaye sirara kamar allura, kowanne da ɗan kai a rufe. Da muka dawo daga masallaci uku sun buɗe, farare tas, kunne biyar-biyar, kowane fure a kan doguwar bututuwa da ta kusa tsawon yatsa. Ƙamshin ba ya dukan hanci, zuwa yake a hankali, mai zaƙi kamar na 'ya'yan itace da suka nuna. Muna tsaye sai ga wani ƙaton malam-buɗe-littafi na dare, ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike, ya zura dogon harshensa cikin bututuwar. Don irinsa furen ke buɗewa fari da dare da ƙamshi, farin abu ne ake gani a duhu. In ya rine ja kuma ya sunkuya ƙasa, sai masu yawon rana su karɓa, ƙudan zuma da sauransu. Gwaggo ba ta ce komai ba. Ta sa aka matso mata da tabarma ƙarƙashin reshen, a nan ta yi isha.

Daga Fabrairu zuwa Maris, da zafi ya tashi, rumfar ta cika maƙil, fari da ruwan hoda da ja a curi ɗaya. Masu wucewa a lungu sukan tsaya su yi sallama don su leƙa.

Daga nan ne laifina ya fito. Rumfar da katako na yi ta, irin mai sauƙin nan da ake kira wawa a kasuwar katako, don in rage wa Gwaggo kashe kuɗi. Na san katakon ba ya jure gara da danshi, na ce zai kai shekara biyu. Bai kai ba. Gara ta cinye ƙafafun ta ciki, ga nauyin shukar da ke iya kai mita 8 in an sake ta, ga ganye ya sha ruwa. Hadarin farkon damina a nan da iska yake zuwa. Wani dare a ƙarshen Maris rumfar ta kife gaba ɗaya, ta faɗa kan bahunan geron da mai koko ta jiƙa. Allah ya tsare, babu kowa a waje. Da rana ce, yara ne ke wasa a wurin. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Na biya geron. Amma faɗuwar ta buɗe bakin mutane, ashe kowa na da abin da yake haɗiyewa saboda girman Gwaggo. Ta tara gidan bayan la'asar ta ce kowa ya faɗi nasa.

Mai koko ta ce, "Mma, ni ba ƙin furen nake ba. Amma kullum da asuba sai na tsince shi ɗaya-ɗaya daga cikin gero. In ɗaya ya wuce ya shiga niƙa, me zan ce wa masu saye?" Ƙorafinta na kan hanya. Furen da ya gama kwanakinsa zubowa yake, kuma da yawa.

Wani dattijo mai gadi da ke ɗakin ƙarshe ya ce, "Hajiya, mu dai tun muna yara muke ji, fure mai ƙamshin dare maciji yake kira." Na ce, "Baba, ƙamshi ba ya cikin abincin maciji. Abin da ke kawo shi maɓoya ce, da ɓera da ƙadangare da kwaɗo. Amma kuna da gaskiya ta wani gefen, in aka bar gindin ya cunkushe, an yi masa ɗaki." Wata mai goyo ta kawo maganar sauro. Na gaya mata yadda abin yake: a kwantaccen ruwa sauro ke haihuwa, ba a ganye ba, sai dai yakan fake da rana cikin duhun ganye in ya yi kauri. Ta kuma nuna mini hannun ɗanta da ƙaya ta karce. Shukar tana da ƙaya, kuma ba a lura da ita sai ta girma: in tsohon ganye ya faɗi, guntun hannunsa yakan rage a jikin reshe ya taurare ya zama ƙugiya, da ita take maƙalewa tana hawa. Na ƙara da nawa gargaɗin, tunda ga yara: in ta yi 'ya'ya, masu kusurwa biyar ne, kada a bar yaro ya ci. A Asiya ana maganin tsutsar ciki da ƙwayar, amma in ta yi yawa tana kawo shaƙuwa da amai.

Gwaggo ta saurari kowa, sannan ta ce, "Gidan nan ba ni kaɗai ke kwana cikinsa ba. In kun ce a sare, a sare." Aka yi shiru. Dattijon ne ya ce, "A'a Hajiya, ba a kai nan ba. A dai gyara."

Ga yadda aka gyara. Na sayo bututun ƙarfe a Suame, mai walda ya haɗa ƙafa huɗu, aka binne su cikin kankare, aka gicciya rodi a sama, aka shafa fenti saboda tsatsa. Sabuwar rumfar ta fi tsohuwar ƙanƙanta, kuma an janye ta daga wurin mai koko, ita ma ta samo murafai ga bahunanta. Shukar na datse ta sosai, na bar manyan rassa uku, ta sake tohowa kamar ba a taɓa ta ba. Daga ƙasa zuwa ƙirjin babba babu ganye babu ƙaya, gindin a share yake, ko allura ta faɗi za a gani. Tsakaninta da kwanon rufi akwai kamu ɗaya na hannu da ba a yarda ta ƙetare ba, domin in ta shiga ƙarƙashin kwano ɗaga shi take yi, busasshen ganye kuma ya toshe indararo. Babban yanka sau ɗaya ne a shekara, bayan ta gama zubar da babban fure, ana shiga damina. Tsakanin nan sai rage cunkoso daga ciki don iska ta ratsa, ba a taɓa kawunan rassa. Taki cikin tafin hannu biyu na wanda ya huce, sau biyu a shekara, farkon babbar damina da farkon ƙarama. A hunturu bokiti ɗaya duk kwana biyu ya ishe ta, a damina ba a ba ta komai. Yaron da ke aske ta a da, shi ne yanzu mai kula da ita, kuma ya iya bambance tohon fure da tohon ganye tun suna ƙanana.

Uwar kuwa, ta jikin wurin wanka, na tumɓuke ta a daminar nan, amma ba ta tafi da sauƙi ba. Kusan shekara guda 'ya'yanta na ɓullowa ta kowace tsagar siminti, har ta bayan bango a cikin lungu, ina bi ina tonewa. Wadda aka dasa cikin duro sau biyu kawai ta tsallake ta ƙasa. Ta robar fentin da aka ajiye saboda tsaro, mai koko ce ta roƙa, za ta kai filin da take ginawa a bayan Asokore Mampong. Na ce mata kada ta dasa sai na je na ga inda maƙwabcinta na kudu zai tayar da nasa ginin. Mun sa ranar Lahadi mai zuwa, bayan ta tashi daga kasuwa.